Yadda ake shatar jirgin ruwa na yini guda a Nærøyfjord

Babban jirgin da ke ɗaukar masu yawon buɗe ido daga ƙauyen Flåm zuwa Gudvangen ta cikin Nærøyfjord, wani hannun teku a yammacin ƙasar Norwe, yana cinye tafiyar cikin kimanin awa biyu. Jirgi ne mai kyau, mai aiki da lantarki, kuma duk wanda ya shige shi zai ga abin da zai daɗe yana ba da labari. Sai dai ba zai tsaya dominka ba. Idan ka hango mafaɗar ruwa ranka ya so ka matsa kusa, yana wucewa. Idan ɗanka ya ga awaki a kan dutse, kafin ka juyo an bar su a baya. Wanda ya yi shatar ƙaramin jirgi kuwa ya sayi ikon cewa matuƙi, "Malam, ɗan tsaya, kashe injin." A ganina wannan ikon shi ne abin da kuɗin shata ke saya, kuma duk shirin da zan zayyana a nan don kada mutum ya biya shi ya kasa cin moriyarsa ne.

Mutanen Norwe suna rubuta kalmar "fjord", suna furta ta kamar "fiyor". Hannun teku ne da ya kutsa can cikin ƙasa a tsakanin duwatsu. Tulin ƙanƙara mai kauri ne ya shafe dubban shekaru yana jan ciki yana yaƙushe kwari, da ta narke kimanin shekara 10,000 da suka wuce sai ruwan teku ya malalo ya cike ramin. Shi ya sa gefen yake miƙe tamkar bango, ruwan kuma ga zurfi. Sognefjord, wanda ya fi kowanne tsawo a Norwe, ya zarce kilomita 200, zurfinsa a wani wurin ya haura mita 1,300. Nærøyfjord reshensa ne: tsawonsa wajen kilomita 17, kuma a inda ya fi matsewa faɗinsa mita 250 ne kacal, ga duwatsu sun tashi sama fiye da mita 1,000 dama da hagu. A 2005 hukumar UNESCO ta sa shi, tare da Geirangerfjord, cikin wuraren tarihi na duniya. Na bar sunayen kamar yadda masu wurin ke rubuta su, domin da su za ka yi bincike, da su kuma za ka karanta allon tasha. Harafin å ana furta shi kamar "o", don haka Flåm "Flom" ake cewa.

Fara da wata da rana

Kafin ka tuntuɓi kowa, tsayar da lokaci. Daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuni dusar ƙanƙarar kan duwatsu tana narkewa, ruwa na zubowa ta kowane tsagi, ƙasa ta yi kore shar alhali ƙololuwar na nan fari fat. In da zaɓi a hannuna yake, wannan lokacin zan ɗauka. Yuli da Agusta sun fi ɗumi amma sun fi cunkoso, Satumba kuma jama'a sun ragu, sanyi ya soma shigowa. A hunturu yini gajere ne, akwai ƙauyukan da rana ba ta leƙa su na tsawon watanni saboda tsayin duwatsu, kuma masu ba da shata da yawa sun rage aiki.

Flåm ƙauye ne na mutum 'yan ɗaruruwa, amma manyan jiragen yawo na teku suna yada zango a nan, kowanne ya juye dubban mutane da safe ya kwashe su da yamma. Hukumar tashar tana wallafa jadawalin zuwan waɗannan jirage a intanet. Duba shi, ka zaɓi ranar da babu, ko wadda mai zuwan ƙarami ne. Sannan ka ware kwana biyu a yankin ko da shatar ta yini ɗaya ce. Sama a yammacin Norwe ba ta da alƙawari, in ta ɓaci ranar farko kana da ta biyu.

Isowa ba ta da wuya. Jirgin ƙasan da ke tsakanin Oslo da Bergen yana tsayawa a Myrdal, wajen awa biyu daga Bergen, daga nan ka sauya zuwa layin Flåm mai kilomita 20, wanda ke gangarowa daga tsayin mita 860 da ɗoriya zuwa bakin ruwa cikin kusan awa guda. Mai mota kuma zai bi hanyar E16, kimanin awa biyu da rabi daga Bergen. Wanda zai taso daga Najeriya ko Nijar ko Ghana bizar Schengen zai nema, wato biza ɗaya da wasu ƙasashen Turai suka yi tarayya a kanta, domin Norwe tana cikinsu duk da ba ta cikin Tarayyar Turai, kuma ana buƙatar inshorar lafiya ta tafiya da ta kai Yuro 30,000. Kada ka biya kafin alƙalamin da ba a mayarwa sai biza ta fito. Ka kwana a Flåm ko garin Aurland da ke kusa da shi daren jajiberin tafiyar. Wanda ya ce zai taso daga Bergen da asuba ya riski jirgin ƙarfe tara ya jingina yininsa gaba ɗaya a kan kada jirgin ƙasa ya makara.

Wane jirgi, kuma wa zai tuƙa

A nan aka fi yin kuskure, don haka zan ɗan ja zance.

Iri biyu za a fi nuna maka. Na farko shi ne buɗaɗɗen kwale-kwale mai gudu wanda aka zagaye da roba mai iska, suna ce masa RIB. Yawanci mutum 12 yake ɗauka, ana zama a kan kujera kamar an hau babur. Yana kusantar gaɓa sosai, yana isa wurare da yawa cikin ɗan lokaci, kuma masu shi kan ba da rigar sanyi mai haɗe da wando wadda ke taimaka wa mutum ya taso saman ruwa, da hula da safar hannu da tabarau. Amma ba rufi, ba banɗaki, kuma idan ya hau igiyar ruwa yana dukan ƙugu. Mai juna biyu, mai ciwon baya, dattijo da ƙaramin yaro, ban ba su shawarar shigarsa ba. Na biyu jirgi ne mai ɗaki, da tagogi da wurin zama, sau da yawa da banɗaki da abin ɗumama ɗaki. Ya fi tsada, bai kai na farko gudu ba, amma shi ne na iyali, shi ne kuma na yini guda. Awa biyu a RIB daɗi ne. Awa shida a cikinsa wahala ce.

Akwai kuma masu ba da hayar ƙaramin jirgi ka tuƙa da kanka. Dokar Norwe ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1980 zuwa sama sai da lasin zai tuƙa jirgin da ya wuce mita 8 ko injinsa ya wuce ƙarfin doki 25. Ko doka ta ba ka dama da ƙaramin inji, ina roƙonka kada ka yi haka a zuwanka na farko. Ruwan yakan kwanta lumui kamar madubi, sai iska ta faɗo daga kan dutse ba sallama ta hargitsa shi. Manyan jirage suna wucewa su bar igiya a bayansu. A mafi yawan wurare babu gaɓar da za ka raɓa, bangon dutse ne ya nutse kai tsaye cikin zurfi, ba inda anga za ta kama. Akwai gindin duwatsun da ake guje wa saboda faɗowar tsakuwa da manyan duwatsu. Duk wannan matuƙin da ya tashi a wurin ya san shi kamar tafin hannunsa. Da ɗan gari akan ci gari.

Idan ka sami kamfani biyu ko uku, aika musu saƙon imel, ka nemi amsa a rubuce. Turanci ya wadatar, kusan kowa a can yana jinsa. Ka faɗi yawanku, shekarun yara da nauyinsu (rigar ceto ta yara da nauyi ake auna ta), da duk mai lalura. Sai ka yi waɗannan tambayoyi. Shin kamfanin yana aiki bisa ƙa'idar hukumar sufurin ruwa ta Norwe, Sjøfartsdirektoratet, wadda ke da dokoki na musamman ga jiragen da ke ɗaukar fasinja 12 ko ƙasa da haka? Kuɗin na jirgi ne dungurungum ko na kowane kai? Mai da haraji suna ciki? Awa nawa ne daga tashi zuwa dawowa, kuma lokacin da aka sauka a ƙauye ana ƙirga shi? In aka ƙara awa nawa ne? In yanayi ya ɓaci matuƙi ya soke tafiya, za a mayar da kuɗi ne ko a ɗaga rana? In kai ka fasa fa, kwana nawa kafin ranar ba za ka yi asara ba?

Tambaya ta ƙarshe ita ce wadda na fi ba muhimmanci: za mu iya tsara hanyar da kanmu, mu tsaya inda muke so? Wasu abin da suke kira shata zagayensu ne na kullum, da wuraren tsayawarsu na kullum, sun dai hana wasu shiga ne kawai. In amsar ta zo a dunƙule, nemi wani.

Batun kuɗi, tikitin babban jirgi ɗaruruwan kurona (kuɗin Norwe) ne ga mutum ɗaya, shata kuwa maganar dubbai ake yi, yini guda cur kuma ya ninka. Ga mutum biyu nauyi ne. Ga iyali biyu ko abokai takwas da suka yi karo-karo, sai ka ga abin ya sauko. Da kati ake biyan kusan komai a Norwe, don haka ka tabbata katinka yana aiki a ƙasashen waje kuma iyakar da bankinka ya sa ba za ta tare ka ba. Ba dole ba ne ka ba matuƙi tukuici, in ka ji daɗi ka bayar ba laifi.

Kaya da guzuri

Sanyin kan ruwa daban yake da na tudu. Ranar da kake yawo a Flåm da riga ɗaya, da zarar jirgi ya ɗauki gudu ko ya shiga inuwar dutse za ka ji iska har ƙashi. Sa kaya hawa-hawa: ta ciki mai kama jiki ta ulu, sai suwaita, sai rigar sama da ruwa da iska ba sa ratsawa. Auduga in ta jiƙe ba ta bushewa da wuri, tana kuma janye ɗumin jiki, shi ya sa mutanen wurin suka riƙe ulu. Takalmi rufaffe mai kama ƙasa, safa mai kauri, hular sanyi mai rufe kunne. Babbar riga da gyale mai tashi a iska a bar su a masauki. 'Yar'uwa mai hijabi ta zaɓi gajere mai kama kai, ta cusa bakinsa cikin rigar sama, ta sa wando mai kauri a ƙarƙashin doguwar riga, domin rigar ceto ta zauna daidai kuma kada wani abu ya sarƙe wajen hawa da sauka.

Ɗauki fulas na shayi, gorar ruwa (ruwan famfonsu ana sha), burodi, dafaffen ƙwai, dabino, kifin gwangwani. Galibin manyan shaguna a Norwe ba sa buɗewa ranar Lahadi, in tafiyar ta faɗo ranar sai a yi sayayya tun Asabar. Mai kiyaye halal ya riƙe kalmar "svin", wato alade, ya duba ta a jikin kunshin abinci, musamman tsiran da suke kira "pølse". In kamfanin ne zai kawo abinci, ka ce kifi ko na ganye, tun a imel. Waya a sa ta a jakar da ruwa ba ya shiga, a rataya a wuya, a riƙo batirin caji domin sanyi na shanye caji.

Daren jajiberi ka buɗe Yr, shafin hasashen yanayi na hukumar yanayin ƙasar da gidan rediyo da talabijin na NRK. Ƙarfin iska za ka fi dubawa. Yayyafi ba ya ɓata tafiya, hasali ma yana ƙara wa mafaɗan ruwa ƙarfi, gajimare kuma ya rataye a ƙugun duwatsu. Iska ce ke hana fita. In matuƙi ya ce yau ba za a fita ba, kada ka matsa masa.

A bakin tasha

Ka iso da rabin awa a hannu, kowa ya zaga kafin a hau. Ka nemi tashin safe, wajen takwas ko tara, kafin ruwan ya cika da jirage.

A Norwe, tun 2015, doka ta wajabta sa rigar ceto a jiragen shaƙatawa da ba su kai mita 8 ba muddin suna tafiya. Ko jirginku ya fi haka, in kana waje a kan dandamali ka sa taka, ka ɗaure har igiyar da ke bi ta tsakanin cinyoyi. Mu da muka sha jin labarin kifewar kwale-kwale a kogin Kwara, a Kebbi da Neja, mun san abin da rashin wannan riga ke jawowa. A nan kuma ga ƙarin haɗari: ruwan na da sanyi ko a tsakiyar Yuli, wanda ya faɗa numfashinsa ne ke fara sarƙewa, hannuwa su sandare, ko da gwanin iyo ne. Ka saurari bayanin matuƙi har ƙarshe, ka tambaye shi inda rediyon jirgi yake da yadda ake kashe inji. Lambar 'yan sanda 112 ce, ta motar asibiti 113, ta rediyon gaɓar teku 120, a rediyon jirgi kuma tasha ta 16 ce ta neman agaji. A tsakanin duwatsu sabis ɗin waya yakan ɗauke.

Kafin a kwance igiya, ku zauna minti biyar da matuƙi a kan taswira. Faɗa masa wurare biyu ko uku da ba ka so a wuce, ka bar masa sauran.

Hanyar kanta

Daga Flåm za ku miƙa arewa cikin Aurlandsfjord, mai tsawon kilomita 29. A dama, can kan tudu, akwai tsofaffin gidajen katako na Otternes, sai garin Aurlandsvangen. In ka ɗaga kai sosai za ka hango Stegastein, dandamalin kallo da aka gina mita 650 sama da ruwa. Wannan ɓangaren yana da faɗi, a bar matuƙi ya ɗan taka, a adana lokaci.

Zangon farko Undredal ne, a hagu. Har 1988 babu hanyar mota zuwa ƙauyen, sai ta ruwa. An san shi da awaki, waɗanda suka fi mutanen yawa, da cukun da ake yi da nononsu: fari, da ruwan ƙasa mai zaƙi-zaƙi wanda ake samu ta hanyar dafa ruwan da ya rage bayan an cire cuku har ya kafe. Ku sauka, ku saya a shagon ƙauyen, ku ci da burodi. Akwai ɗan ƙaramin cocin katako da ake danganta gininsa da wajen 1147, mai kujerun mutum 40. Minti arba'in sun isa.

Gaba kaɗan, ka ce matuƙi ya nuna maka gonar Stigen, maƙale a jikin dutse ɗaruruwan mita sama da ruwa. Ana ba da labarin cewa a da sai da tsani ake hawa, kuma idan mai karɓar haraji ya doso sai masu gidan su janye tsanin. Ka tsaya ka dubi wurin da kyau, ka tuna mutane sun yi noma da kiwo sun yi renon 'ya'ya a nan.

A gindin dutsen Beitelen ruwan ya rabu biyu, ku karya hagu, kun shiga Nærøyfjord. Daga nan ba gudu. Duwatsun suna matsowa, haske yana raguwa, mafaɗan ruwa irin su Sagfossen suna saukowa kamar an saki farin rawani daga sama. Matuƙin kirki zai kai ku inda feshin zai taɓa fuska ba tare da ya shiga haɗari ba. Ka sa ido a kan duwatsun bakin ruwa, akan ga dabbar nan mai ɗan kama da ayu tana shan hantsi, wani lokaci kuma bayan "nise", ƙaramar dabbar teku mai siffar kifi, ya ɓullo ya nutse. A sama akwai gaggafar teku mai farar wutsiya. Ba kullum ake dacewa ba, kuma in an dace kada a bi su, a tsaya daga nesa.

Tsakanin Dyrdal a dama da Styvi a hagu, ƙauyukan da har yau mota ba ta zuwa, nan nake so ka yi amfani da abin da ka biya. Ka ce a kashe inji. Ka roƙi kowa ya ajiye waya, minti goma. Da farko za ka ji kamar ba sauti ko ɗaya. Can sai kunnenka ya soma tsinto zubar ruwa daga wurare uku ko huɗu mabambanta, ƙararrawar wuyan akuya daga wani tudu da ba ka gani, ɗan motsin ruwa a cikin jirgi. Mutum ya dubi tsayin dutsen, ya tuna zurfin da ke ƙarƙashinsa, bakinsa da kansa yake kama tasbihi. Ban san wani abu a tafiyar da ya kai waɗannan mintoci ba, kuma babban jirgi ba zai iya ba ka su ba.

In matuƙi ya ga hali, ku sauka a Styvi. Daga nan tsohuwar hanyar masu kai wasiƙa ta bi bakin ruwa zuwa Bleiklindi, wadda aka riƙa bi a da idan ƙanƙara ta hana kwale-kwale wucewa. Wuri ne mai kyau na cin abincin rana da salla. A watannin Yuni da Yuli rana ba ta karkata sai wajen ɗaya da rabi na agogonsu, alƙibla kuma kudu maso gabas take. Kada ka sa ran masallaci a waɗannan ƙauyuka, ka zo da darduma, matafiyi kuma yana da sauƙin ƙasaru. Magariba a tsakiyar Yuni sai wajen sha ɗaya na dare, don haka za ta same ku a masauki.

Dokar Norwe ta 1957 ta ba kowa damar tafiya da hutawa a ƙasar da ba a noma ba, ko ta wani ce. Damar ba ta haɗa da gona, tsakar gida ko matsayar jirgi ta wani ba. In ka buɗe ƙofar shinge ka rufe, saboda dabbobi. Daga 15 ga Afrilu zuwa 15 ga Satumba an hana hura wuta a daji da kewayensa. Yankin kuma na ƙarƙashin kariya ta musamman, don haka kada ka tayar da ɗan jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi sai ka tabbatar an yarda. Duk abin da kuka zo da shi, har ɓawon ƙwai, ku koma da shi.

Bayan nan sai Bakka a dama, da farin cocinta na 1859. A nan ne fiyor ɗin ya fi matsewa, har ka ga kamar duwatsun za su haɗe a gabanku, sai jirgi ya lanƙwasa hanya ta sake buɗewa. Ƙarshen ruwan Gudvangen ne, inda Kjelfossen ke zubowa hawa-hawa daga tsayin da ya wuce mita 700.

Komawa

Tun wajen ciniki ya kamata a yanke wannan. Ko dai ku juyo ta ruwa, ku ga duwatsun ta ɗaya fuskar da hasken yamma, ko ku sauka a Gudvangen ku hau bas zuwa Flåm, tafiyar kimanin minti 20 ta hanyoyin da aka huda cikin dutse, ɗaya daga cikinsu ya wuce kilomita 11. In kun zaɓi sauka, ka tambaya ko za a caje ku kuɗin komawar jirgin fanko, domin galibi ana yi. Ka sayi tikitin bas tun da wuri, ka kuma duba lokacin na ƙarshe. Da yara ko dattawa a tare, sauka a Gudvangen ya fi, don a lokacin sanyi ya gama ratsa su. In duk manya ne masu ƙarfi kuma sama ta yi kyau, ku koma ta ruwa, ka roƙi matuƙi ya bi kusa da gaɓar da ba ku bi da safe ba.